Tokar da Aka Goge

Sitiung, 3 ga Mayu, 1981

Zuwa ga yayana Mas Sarwoto, a Solo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da aikin maɗaba'arku mai cinye idanu. Mu nan lafiya lau. Mijina yana gona. Rogo ya yi, shinkafa kuwa sai a hankali. Shekara huɗu ke nan da aka kwaso mu daga Jawa zuwa Sumatra, jar ƙasar nan har yanzu ba ta sake da mu ba.

Wanda ba ya jin daɗi shi ne Bapak. Ba ciwo ba ne da za a nuna da yatsa. An duba shi, an ce tsufa ne. Amma tun da labari ya zo cewa bana za a rufe madatsar ruwa, ƙauyenmu ya nutse, mahaifinmu ya rage cin abinci. Loma uku, ya ture kwano. Yakan zauna a bakin ƙofa da hula a gwiwa tun hantsi har azahar.

Na ce bari in yi masa jamu irin na Simbok, abin shan nan na kurkum da citta da tsamiya, wanda mahaifiyarmu take ba shi kowace safiya kafin Allah ya yi mata rasuwa. Na sayo kurkum a kasuwa, na daka, na tace. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye ƙoƙon.

“Nduk, 'yata, wa ya wanke zane a ruwan nan?”

Na ce, “Bapak, jamu ne fa.”

Ya ce, “Launi dai ya yi. Ki ba awaki.”

Mas, don Allah ka je wurin Budhe Ngatirah. Ita ce yayar Simbok, hannunsu ɗaya a turmi. Ka tambaye ta me nake yi ba daidai ba. In kuma da sauran kurkum ɗin bayan gidanmu na Sendangrejo, ko ɗan kaɗan ne, a aiko Bapak ya ɗanɗana. Maƙwabcinmu Pak Wagiman ya zo Solo ganin 'yarsa, zai juyo farkon Yuni. Ka ba shi.

Ƙanwarka,
Lasmini

Solo, 14 ga Yuni, 1981

Dik Lasmini,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso ranar ashirin da ɗaya ga Mayu. Ina lafiya. Idanuna ma lafiya, tabarau ne ya tsufa. Budhe tana nan da ƙarfinta, tana goya kwandon kwalaben jamu tana zaga unguwa uku da talla kafin rana ta yi zafi.

Na karanta mata. Da na zo wurin awaki ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta ce, “Lahadi za mu je.”

Mun je. Gida babu ko ɗaya, an kwashe katako da rufi, sai harsashi. An sare mangwaron ƙofar gidanmu. Budhe ba ta tsaya kallo ba, ta wuce bayan inda madafa take, ta tsuguna, ta fara tono da hannu. Aladun daji sun riga mu. Abin da ya rage: uwar kurkum biyar, jar citta hannu uku. Na ƙirga sau biyu. Mun bi wurin taku taku, ba mu bar komai ba.

Ga maganarta yadda ta faɗa:

“Le, ɗana, rubuta. Wannan kurkum kakarmu ce ta dasa shi, uwarmu ta raba shi, uwarku ta gaje shi. Ni ba ni da 'ya mace, ba ni da ƙasa, sai ɗakin haya da siminti. Na Lasmini ne. Iri ne, ba na tukunya ba. Ta dasa a inuwa, ta kau da kai damina biyu. Tsohon ya yi haƙuri. In ya shanye bana, baɗi me zai sha?”

Game da haɗin kuwa, ta ce ki ci gaba da na kasuwa, amma ki gyara hannu. Kurkum gaɓar yatsa biyar, a kankare da cokali, kada a fere, don daɗin yana dab da ɓawo. Citta gaɓa biyu, a gasa a garwashi har ta yi ƙamshi kafin a daka. Tsamiya tsohuwa, wadda ta yi baƙi. Mazarƙwailar kwakwa da ɗan gishiri. Tukunyar ƙasa, ban da ta ƙarfe. Ruwan tsamiya ne zai tafasa, kurkum kuwa a zuba daga ƙarshe, ya ji wuta kaɗan a sauke.

Na tambaye ta gaɓar yatsan wa, tunda yatsu ba ɗaya ba ne. Ta ce, “Na mai dakawa mana. Kai komai sai ka sa masa rula?”

Ta ƙulle irin a ganyen ayaba ta ba ni. Na ɗan gyara ƙullin ya yi kyan gani, na miƙa wa Pak Wagiman a tasha ranar shida ga wata. Takardar da na rubuta a can ƙauye duk ƙasa ce da gogewa, ban iya haɗa ta da shi haka ba. Na ajiye don in sake kwafewa, sai aikin littattafan makaranta ya riƙe ni kwana takwas. Ina sa ran za ta riske shi.

Ki gaida Bapak da mijinki.

Yayanki,
Sarwoto

Sitiung, 19 ga Yuni, 1981

Mas Woto,

Gaisuwa mai yawa. Duk muna lafiya, yau kuma har da Bapak nake nufi!

Pak Wagiman ya kawo ƙullin ranar goma ga wata. Babu takarda a ciki. Na ce ka ji Mas Woto, mutumin da ke gyara rubutun duniya, ya kasa yi wa ƙanwarsa layi biyu. Amma na yafe, don ƙullin ya yi magana da kansa. Tsaf, kamar kayan shago.

Ina buɗewa Bapak ya taso daga bakin ƙofa ba tare da an kira shi ba. Na bar shi yana juya saiwoyin a hannu yana shinshinawa, na je ba Pak Wagiman shayi. Da na dawo na dube su da kyau: uwar kurkum huɗu, manya, da jar citta hannu uku.

Washegari da asuba na daka. Mas, ka manta launinsa. Ba rawaya ba ne, kamar ƙwanduwar ƙwan kazar gida yake. Ƙamshin ya fita har hanya. Matan layinmu, 'yan Sendangrejo duka, suka fara leƙowa, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo aron wuta, alhali hayaƙi na tashi a gidanta. Na ce, “Ku daina ƙarya, ku kawo ƙoƙo.” Kowacce ta samu kurɓi.

Bapak ya karɓi nasa da hannu biyu. Ya sha a hankali. Ya daɗe yana kallon cikin ƙoƙon. Can ya ce, “Nduk, akwai sauran shinkafar jiya?”

Ya cinye kwano. Ya nemi ƙari.

Kwana tara ke nan ina yi masa kowace safiya, ina tsimi, yau na daka na ƙarshe. Har ya fara fita da 'yar fartanyarsa bayan ya sha. Ban san inda yake zuwa ba, ban kuma tambaya ba, kada in ɓata.

Ka sumbaci hannun Budhe a madadina. Ka ce mata in da saura, ina so.

Lasmini

Solo, 8 ga Yuli, 1981

Dik Lasmini,

Barka da shan ruwa. Muna lafiya. Na yi murna da labarin Bapak.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Yanzu kin ga tawa, kin san abin da aka daka.

Na jinkirta kwana biyu, sannan na karanta wa Budhe taki. Na same ta da la'asar tana haɗa na masu buɗa baki. Da na zo wurin da kika ce kin daka na ƙarshe, taɓarya ta tsaya.

“Duka?”

Na ce, “Haka ta rubuta.”

“Har da rabon maƙwabta.”

“Har da su.”

Ta goge hannu a zane. Ta ce, “Yarinyar da aka yaye a gindin turmi? Na sa wa irin nan alama yadda uwarta take sawa. Makaho ma zai gane da hannu. Sumatra ta cinye mata hankali.”

Na tambaye ta ko akwai saƙo. Ta ce ba ta da magana. Ta ci gaba da daka.

Saura babu, Dik. An rufe ƙofofin madatsar, ruwa ya fara taruwa, kuma na gaya miki ba mu bar komai a ƙasa ba.

Ba na son in ƙara miki nauyi. Amma ƙulli ya zo ba takarda, kin san kuwa ba na aika abu ba bayani. Da kin jira mako uku, da ba haka ba.

Wani ƙaramin abu: kin rubuta uwar kurkum huɗu. Biyar ne.

Sarwoto

Sitiung, 11 ga Oktoba, 1981

Mas Sarwoto,

Muna lafiya. Wasiƙunka biyu na baya masu tambayar shiruna sun iso. Sallah ƙarama ta wuce, babba ta wuce, ban aiko neman gafara ba kamar yadda aka saba. Na sani. Ban iya ba ne.

Taka ta Yuni a tsaye na fara karanta ta, a zaune a ƙasa na ƙare. Wata uku ke nan ba na iya kallon turmi ba tare da na tuna ba. Abin da kakar Simbok ta dasa, ni ce na tace shi da tsumma, na zuba wa kaji dusarsa. Ba sai an aiko min da zagi daga Jawa ba, ina yi wa kaina kullum.

Amma akwai abin da ba zan haɗiye ba. Wace alama?

Na san alamar Simbok. Iri ana shafe shi da tokar murhu, a naɗe a busasshen ganyen ayaba. Ina 'yar shekara shida ta buge min hannu da ludayi don na ɗauki citta mai toka zan kai turmi. Ta ce, “Mai toka na ƙasa ne, wankakke na baki ne.” Ban taɓa mantawa ba. Ruwan teku bai wanke min wannan ba.

Abin da ya zo hannuna wankakke ne fes, a farar takarda, ɗaure da farin zare. Toka ko ƙwaya ban gani ba. Ni na roƙi na ɗanɗano, aka aiko min wankakke. Me zan jira? Ko dai tsufa ya sa Budhe ta manta, ko kuwa tana neman wanda za ta ɗora wa. Ka karanta mata wannan yadda yake. Kada ka gyara.

Bapak bai san komai ba, na ɓoye masa wasiƙun, kada ya koma gidan jiya. Yana cin abinci. Yana shan na kasuwa da sabon haɗin, ya daina kiran awaki.

Kuma huɗu ne. Na iya ƙirga har biyar.

Lasmini

Solo, 29 ga Oktoba, 1981

Dik Lasmi,

Ina fata kuna lafiya. Mu ma lafiya. Zan tafi kai tsaye.

Ni ne.

Budhe ba ta manta ba. Ranar da ta ba ni ƙullin na kai shi ɗakina na buɗe, na ga duk toka, ganyen kuma ya yayyage. Na ɗauka a gefen murhu ta ajiye shi ya kwashi datti. Na ce ba za a tsallaka teku da ƙazanta a kai wa Bapak ba. Na ɗauko buroshin da muke goge haruffa da shi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ɗauraye, na shanya a taga, na naɗe a ragowar takardar maɗaba'a. Awa guda na yi. Na ji daɗin aikina. Ina ɗan shekara goma sha biyu na bar gida zuwa makaranta, ban taɓa tsayawa na ga yadda Simbok take ajiye iri ba. Abin da na rubuta miki da cewa na ɗan gyara ƙulli, wannan ne.

Na karanta wa Budhe taki ba gyara, sannan na faɗa mata. Ta dube ni ta saman kwalabe.

“Ka wanke?”

“Na wanke, Budhe.”

“Da sabulu?”

“A'a, ruwa kawai.”

“To, da sauran hankali.”

Sannan ta ce, “Ni ban iya biro ba. Na rubuta wa yarinya wasiƙa da abin da na iya, kai kuma mai ilimi ka bi ka goge.”

Ta tsiyayo min na ganyen ɗaci, wanda take ba masu ƙuraje, ƙoƙo cike. Kin san bayan mai ɗaci ana ba mutum kurɓin mai zaƙi. Na shanye, na miƙa ƙoƙo. Ta rufe kwalbar zaƙin ta mayar kwando.

Ga saƙonta: “Ce wa Nduk ni ce na yi saurin baki. Uwarta ta koya mata daidai. Babba ce ke neman gafarar ƙarama, ta karɓa.”

Ni ma ina nema, sau biyu: na tokar, da na layin da na ce da kin jira. Kwana takwas na riƙe takarda don kada a ga gogewa a rubutuna.

Wani da ya je kallo ya ce ruwa ya rufe harsashin gidanmu. Irin ya tafi, kuma ta hannuna ya tafi.

Yayanki,
Sarwoto

Sitiung, 22 ga Nuwamba, 1981

Mas Woto,

Muna lafiya ƙalau. Na yafe, na kuma karɓi ta Budhe da hannu biyu. Yanzu zauna, ka gyara tabarau.

Wasiƙarka na karanta wa mijina a tsakar gida, ina kuka ina dariya da na zo wurin maganar sabulu. Ban san Bapak yana bayan ƙyaure ba. Sai ga shi ya fito.

“Rigimar me kuke yi da Jawa wata biyar ban sani ba?”

Dole na faɗa masa komai. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Yaron ya fi ki lissafi. Biyar ne.” Ya ɗauki fartanya. “Biyo ni.”

Muka ratsa rogo har bakin rafi, inda ayaba ta yi inuwa. Akwai ɗan shinge na gora, wanda na sha gani daga nesa na ɗauka tarkon aladu ne. Mas, a ciki kurkum ne, ganye har gwiwata, shar da shi. Gefensa citta, kara uku.

Na tsuguna a bakin shingen.

Ya ce ranar da ƙullin ya zo, yana juya su ya ga toka a lungun da ke tsakanin uwar da 'yarta, inda buroshinka bai kai ba. Shekara talatin da biyu yana ganin tokar Simbok, ya gane. Ina can ina ba baƙo shayi, ya sa uwa ɗaya a aljihu, ya ɓalle yatsan citta.

Na ce, “Bapak! Ka san iri ne, ka bar ni na daka sauran?”

Ya ce, “Da na faɗa, duka za ki dasa. Ni kuma in sha me? Shekara biyar ban ji hannun uwarki a bakina ba.”

“To bayan nan fa? Me ya hana ka nuna min?”

“Ƙasar nan ta kashe mana abubuwa da yawa, Nduk. Na ce sai na ga ta karɓa.”

Ashe nan yake zuwa kowace safiya, da kashin awaki da tokar murhuna a cikin tsohuwar hularsa. Ni kuwa ina ta mamakin wa ke kwashe min toka. Yanzu har zance yake yi na baɗin baɗi, wai in an raba za a ba matan layinmu kowacce ido ɗaya mai tsiro.

Ga ganye guda na sa a ciki. Bapak ne ya zaɓa, sai da ya yi ta jinkiri kamar za a cire masa haƙori. Kada ka karanta wa Budhe komai tukuna. Ka miƙa mata ganyen kawai.

Kuma kada ka wanke shi.

Ƙanwarka,
Lasmini

Solo, 13 ga Disamba, 1981

Dik Lasmi,

Lafiya lau muke. A ɗakin Budhe nake rubuta wannan, a kan gwiwata.

Na yi yadda kika ce. Ganyen ya bushe a hanya, ya yi launin ƙasa. Na miƙa mata ban ce komai ba. Ta juya shi, ta murje gefensa tsakanin yatsu, ta kai hanci. Ta rufe ido. Mai sayen jamu tana ƙofa tana sallama, ba ta amsa ba.

Ta ce, “Daga ina?”

Na ce, “Daga Sitiung.”

“Wannan na bayan madafarmu ne.”

Sannan na karanta mata. Da na zo wurin aljihu ta ce, “Tsohon ɓarawo! Haka ya ɗauke ƙanwata, muna can muna ba baƙi shayi.” Ta sa na maimaita wurin ganye har gwiwa sau uku.

Ga umarninta. Kada a taɓa shi damina biyu, ko ganyen ya bushe ya kwanta, barci yake yi. A ƙara shinge. A sa ido a kan tsohon, don wanda ya sata sau ɗaya ya san hanya. In an raba, a aiko mata uwa ɗaya, ta riga ta san matar da za ta roƙa kusurwar lambu. Ta ce a shafe ta da toka sosai, kuma kada ta bi ta hannuna.

Yau ta ba ni mai zaƙi.

Tabon da kike gani a ƙasan takardar nan babban yatsanta ne. Hannunta duk kurkum, ta dangwala a murhu, ta danna. Ta ce sa hannunta ke nan, ke za ki iya karantawa. Akwai gogewa biyu a sama, takardar kuma ta ɗan jiƙe da tsamiya. Na bar su. Daga nan gidan waya zan wuce.

Ki gaida Bapak. Ki ce masa na gode da ya duba inda ban duba ba.

Yayanki,
Sarwoto